Yawo da kwalekwale a tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Hamburg: kurakuran da aka fi yi

Wanda ya saba da ruwan dam ko tafki yakan ɗauka duk ruwan da ke kwance a tsakanin gine-gine haka zai wuni. A Hamburg ta ƙasar Jamus wannan zaton shi ne babban kuskure. Birnin yana da nisan kilomita kusan 100 daga teku, amma kogin Elbe yana bin cikowar teku da janyewarta, sau biyu a kowace rana, kuma tsakanin cika da janyewa ana samun fiye da mita 3. Magudanan da ke ratsa unguwar Speicherstadt, inda aka jera manyan sito-sito na jan bulo tun daga 1883, duk a kan wannan ruwan suke.

Sai ka shiga da hantsi kana kallon tagogin da ake ɗaga buhunan gahawa da shayi da kayan yaji ta cikinsu a da, ka shagala da ɗaukar hoto. Can ka ji filafilinka yana caka taɓo. Wasu magudanan, kamar Nikolaifleet da ke bayan tsoffin gidajen titin Deichstrasse, sukan koma laka zalla idan ruwa ya janye. Kada ka ce za ka sauka ka ja kwalekwalen, lakar tana da zurfi, bangon kuma ya yi tsawo, ga santsi. Maganin mai sauƙi ne: duba jadawalin ruwa na ranar, ka shiga lokacin da yake cikowa, ka fito tun bai yi nisa da janyewa ba. Jadawalin jiya ba zai yi maka ba, domin lokacin yana gusawa da kusan minti 50 kullum.

Wani kuskuren shi ne raina jiragen 'yan yawon buɗe ido. Magudanan matsattsu ne, igiyar da jirgi ya tayar tana dukan bango ta dawo, sai ta same ka ta gefe biyu. Sabon shiga yakan juya kwalekwale ya ba igiya haƙarƙari, nan take a kife. Fuskance ta da goshin kwalekwalen, ka riƙe hannun dama, kada kuma ka tsaya a ƙarƙashin gada ko a kwana inda matuƙi ba ya hango ka.

Akwai masu ganin ginin Elbphilharmonie, babban zauren kiɗa da ke bakin kogin Elbe wanda aka buɗe a 2017, su ce bari su leƙa babban kogin. Ni dai ba na ba kowa wannan shawarar. Can hanyar manyan jirage ce, ruwan kuma yana da ƙarfin ja. Yankin tasha yana da dokokinsa daban da na tafkin Alster, don haka ka tambayi mai ba da haya inda aka yarda a bi, ko ka shiga ayarin da ke da jagora. Wanda bai taɓa tuƙi ba ya fara da Alster, inda ƙofofin ruwa suka tare cika da janyewa.

Rigar kariya daga nutsewa kuwa a jiki ake ɗaure ta, ba a shimfiɗa ta a zauna a kai. Ruwan nan ko a watan Mayu yana da sanyi. Waya ma a saka ta a jakar da ruwa ba ya shiga, a ɗaure jakar da igiya a jikin kwalekwale.