Yadda Za Ka Kama Bugun Fulsar Ƙaguwa da Kwamfutarka

Fulsar tauraro ne mai juyawa da sauri, wanda haskensa ke zuwa yana bugawa a kai a kai kamar bugun zuciya. Domin kama wannan bugun, ba sai kana da madubin hangen taurari ba. Hasali ma ko kana da shi ba zai yi maka amfani ba, domin iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye hasken eksire (X-ray) da za mu bibiya kafin ya iso ƙasa. Na'urar NICER, wadda NASA ta ɗora a Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa a 2017, ita ke tattaro shi, kuma bayananta kyauta ne a HEASARC, rumbun bayanan NASA da ke intanet.

Fara da fulsar Ƙaguwa, ragowar tauraron da masana taurari na Sin suka ga fashewarsa a 1054. Tauraron nutiron ne, wato dunƙulalliyar cibiyar da ta rage bayan fashewar, faɗinsa bai wuce kilomita 20 da 'yan kai ba, amma ya fi rana nauyi, yana juyawa kusan sau 30 a daƙiƙa. Sauke manhajar HEASoft (tana cin data, ni cikin dare na yi), sannan ka ɗauko bayanan kallo guda da NICER ta yi wa fulsar. Abin da za ka tarar jerin lokuta ne kawai, na isowar kowace ƙwayar haske.

Kada ka taɓa komai sai ka gyara lokutan da barycorr, wani umarni da ke cikin HEASoft. Nan na sha wuya. Kwana uku ina kallon layi shimfiɗe kamar tabarma, har na fara zargin kwamfutata. Ashe duniya da kanta gudu take, kusan kilomita 30 a daƙiƙa, don haka dole a mayar da kowane lokaci zuwa tsakiyar nauyin rana da duniyoyinta, in ba haka ba bugun ya dame.

Daga nan sai ninki. Ɗauko tsawon juyin daga jadawalin da cibiyar nazarin taurari ta Jodrell Bank da ke Ingila ke fitarwa duk wata, wajen milidaƙiƙa 33 (milidaƙiƙa kashi ɗaya ce cikin dubu na daƙiƙa), ka ba efold, wani umarnin na HEASoft, ya yanka lokutan a kan wannan awo, ya jibga su kan juna yadda ake ninke turmin atamfa. Tudu biyu za su taso a kowane juyi.

Waɗannan tuddan su ne ƙofar shiga ilimin filasma, wato iskar ƙwayoyi masu cajin lantarki. Tun 1969 masana kimiyya Goldreich da Julian suka nuna cewa maganaɗisu mai irin wannan juyi yana fizgo ƙwayoyi masu cajin lantarki daga jikin tauraron, su cika kewayensa. Su ne ke fitar da eksiren Ƙaguwa yayin da ake wujijjiga su.

In ka samu tuddanka, ɗauko kallon wata shekarar ka kwatanta. Juyin zai ɗan ƙara tsawo, wajen nanodaƙiƙa 36 kowace rana (nanodaƙiƙa kashi ɗaya ce cikin biliyan na daƙiƙa).