Digirin digirgir a tattalin arzikin gwamnati: ga ta inda za ka fara

Toh, masu sha'awar wannan fanni, ku fara sanin cewa ba karatun muhawara ba ne a kan gwamnati ta kyauta ko ba ta kyauta ba. Tun 1959 masanin tattalin arziki Richard Musgrave ya kasa aikin gwamnati gida uku: samar da abin da kasuwa ba za ta samar ba kamar tsaro, rage tazara tsakanin mai shi da mara shi, sai daidaita tattalin arziki in ya fara tangal-tangal. Haraji, kasafin kuɗi, bashi, tallafi, fansho duk a nan suke.

Kafin ka cike fom ko ɗaya, gyara lissafinka, wallahi nan ne mutane da yawa suke zubewa. Kalkulas, aljabra da ƙididdiga sai sun zauna maka. A Amurka ana shafe shekara 5 zuwa 6, farkon duk kwasa-kwasai ne da jarrabawar tantancewa, a Ingila kuwa 3 zuwa 4 ne amma galibi sai ka zo da mastas da furofozal ɗinka, wato tsarin binciken da kake son yi, a hannu. In kana son gwada kanka, nemo takardar binciken masanin tattalin arziki James Mirrlees ta 1971 a kan yadda za a tsara harajin kuɗin shiga ba tare da an kashe wa mutane gwiwar yin aiki ba, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1996, ka zauna da biro ka bi lissafin layi-layi.

Sai babbar magana, wato tambayar bincike, kuma ni a ganina ita ce digirin gaba ɗaya. "Tasirin haraji ga ci gaban ƙasa" ba tambaya ba ce, ta yi faɗi, ba za ka gama ba. Matse ta. Misali wata jiha ta rage wa ƙananan 'yan kasuwa haraji, maƙwabciyarta ba ta rage ba, shin masu yin rajistar kasuwancinsu sun ƙaru? Sai ka kwatanta jihohin biyu kafin canjin da bayansa, ta haka ne za ka raba tasirin dokar da sauran abubuwan da suka faru a lokacin. Kuma don Allah kar ka ƙulla soyayya da tambaya kafin ka tabbatar akwai alƙaluman amsa ta. Na Bankin Duniya da IMF suna nan kyauta a intanet, amma kowa ya taɓa su, masu daraja su ne na hukumomin haraji kuma samun izininsu kan ɗauki watanni, saboda haka fara nema da wuri. Koyi Stata ko R, manhajojin nazarin alƙaluma a kwamfuta, tun yanzu.

Wajen zaɓen makaranta, duba malamin da zai duba aikinka fiye da sunan jami'ar. Karanta takardunsa na baya-bayan nan, ka tura masa imel gajere da tambayarka a ciki, sannan ka tambayi ɗalibansa ko yana samun lokacinsu, kuma ko tallafin karatun zai kai ka har shekarar ƙarshe.