Babi na shida: kiristal, ɗan gwangwanin nan mai ƙafa biyu

Darasi na 1

Jama'a sannunku da ƙoƙari. Kowa ya ɗauko tsohon agogon bangon da na ce a zo da shi, a cire batir tukuna, sannan a buɗe baƙin akwatin da ke bayansa a hankali kar haƙoran robar su watse. A kan fanel, wato ɗan allon da aka liƙa kayan wuta a kai, za ka ga wani ɗan gwangwani siriri mai ruwan azurfa, bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba, da ƙafafu biyu kamar gashi. Shi ne kiristal. A cikinsa akwai ɗan yankin dutsen kwaz da aka fere shi kamar baki biyu na cokali mai yatsu.

Dutsen nan yana da wani hali, in wuta ta taɓa shi sai ya motsa, in ya motsa kuma shi ma sai ya fitar da 'yar wuta. Wasu 'yan'uwa biyu a Faransa, Pierre da Jacques Curie, su suka fara gano haka a 1880. Ka taɓa ƙwanƙwasa kofin gilashi da cokali? Ko sau nawa ka buga muryarsa ɗaya ce. To haka kiristal yake, girmansa da yankansa su ke yanke saurin rawarsa, ita kuma aisi da ke gefensa, wato 'yar ƙwaƙwalwar agogon, aikinta ta riƙa tura shi kamar mai tura yaro a lilo don kar ya tsaya. Na agogo yana rawa sau 32,768 a daƙiƙa ɗaya, aisi ta yi ta raba wannan lamba biyu biyu har sau 15 sai a samu 1, shi ne tik ɗin da kake ji.

Darasi na 2

Nan ne kowa ke tuntuɓe, don haka a nutsu. Kafin ka cire kiristal, karanta lambar da ke jikinsa, ka rubuta a takarda har da ɗigon. Ɗigon nan ba datti ba ne. 4.43 daban, 44.3 daban. Sa yatsa a ƙarƙashin lambar, fara daga hagu, faɗi da baki: huɗu, ɗigo, huɗu, uku. Sake. Huɗu, ɗigo, huɗu, uku. In ido ba ya gani sosai ba abin kunya ba ne, ɗauki hoto da waya ka buɗa shi, ko ka fita rana. Madalla, haka ake yi.

Wannan 4.43 ɗin shi ke kula da kala a tsofaffin talabijin ɗinmu masu ƙeya, yana rawa sau miliyan huɗu da ɗoriya a daƙiƙa. Wani ɗalibina bara ya ga 4.000 ya ce ai duk huɗu ne ya liƙa, hoto ya fito fari da baƙi, ya kwana biyu yana canja kafasita, wato 'yan kayan da ke riƙe caji, a banza. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Ba a sayen kiristal da ido ko da girma, da lamba ake saye. Rubuta lambar, duba ɗigon, tafi kasuwa da takardar a aljihu, in mai shago ya miƙo maka ka karanta nasa a gabansa, ka haɗa da taka, harafi da harafi.

Darasi na 3

In ka ɗora mita, wato na'urar gwajin wuta mai ƙara in layi ya haɗu, a ƙafafun kiristal ba za ta yi ƙara ba, lafiyayye ma haka yake, kar ka jefar. Hanya mafi sauƙi ka sa wani mai lamba ɗaya ka gani ko na'urar ta tashi. Ba shi da fositif da negetif, ko ta ina ka juya shi daidai ne.

Darasi na 4

Wajen liƙi kar ayan, wato ƙarfen zafin da ake liƙi da shi, ya daɗe a ƙafar kiristal, zafi na lalata shi. Taɓa da dalma ka ɗauke. Kar kiristal ɗin ya faɗi ƙasa. Gobe kowa ya zo da lambobin kiristal uku a rubuce, da ɗigonsu.