Kafin ku kai yara gidan kimiyya a Akra, ku duba takardunku

'Yan'uwa sababbin zuwa daga Kano, Katsina, Maraɗi da Damagaram, waɗanda suka sauka da iyali a Nima, Mamobi, Sabon Zango ko Madina, da ku nake. Kowa ya san yadda watannin farko suke. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi kuɗin da ya wuce na wata shida a gaba, amma sai ya ce shekara ɗaya ko biyu, in ba ka da shi ga wani a bayanka. Ka biya, aljihu ya bushe, sai yara su koma daga boko sai makarantar malam ranar Asabar da Lahadi, daga nan sai bakin kwata. Na ga yaran da suka shekara a Nima ba su taɓa ganin teku ba, alhali yana nan ƙasa da tafiyar awa guda. Wannan ba daidai ba ne, kuma ba talauci kaɗai ya jawo ba, har da rashin sanin gari.

Akwai inda za ku kai su. A kan titin Barnes, wajen Adabraka, akwai gidan kayan kimiyya da fasaha, wanda a allonsa aka rubuta Museum of Science and Technology, yana nan tun 1965. Kusa da shi ga babban gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe ranar 5 ga Maris 1957, ana gobe samun 'yancin kai, aka kuma sake buɗe shi a 2022 bayan gyara. A 2009 Dokta Jacob Ashong ya buɗe Ghana Planetarium a unguwar Cantonments da kuɗin fanshonsa, ɗaki mai rufi kamar ƙubba da ake haska taurari a cikinsa, kuma mutanensa sun saba shirya wa yara wasannin kimiyya da kallon sama da madubin hangen nesa. Kada ku sa ran ƙyale-ƙyalen da kuke gani a bidiyon Landan ko Dubai. Wurare ne masu sauƙi, kuma rabin amfaninsu yana hannun babban da ya rako yaron.

Zuwan ba wahala. Ku buga waya ku ji ranar da suke buɗewa da lokacin shirin yara, ku fita da sassafe kafin cunkoso, trotro, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa shataletalen Circle ko cikin gari, sannan tasi. Ku cika musu ciki da koko da ƙosai, ku riƙe ruwa. In kallon sama kuka nufa, ku guji tsakiyar damina wajen Yuni da kuma ranakun da hazon hunturu ya rufe gari.

Abin da ya fi ba ni takaici a ciki shi ne uban da yake bin ɗansa da "kar ka taɓa, kar ka taɓa". Inda aka sa gilashi ko igiya, to, a tsaya baya. Amma inda aka ajiye abu don a juya, a ja, a leƙa, ku sakar musu mara. A wani taron kimiyya na yara na tsaya bayan 'yar maƙwabcina, ba ta wuce aji huɗu ba, tana murza hannun wani ɗan inji da aka haɗa da ƙwan fitila. In ta yi a hankali ƙwan ya yi ja-ja, in ta ƙara ƙarfi ya haske, in ta saki ya mutu. Ta juyo tana haki ta ce, "Kawu, wutar daga hannuna take fitowa?" Na nuna mata maganaɗisun da ke juyawa a tsakiyar naɗin wayar tagulla, na ce juyawar ce ke tura wutar cikin waya, kuma abin da ake yi ke nan a madatsar ruwa ta Akosombo tun da aka gama madatsar a 1965, sai dai can ruwan Volta ne yake murzawa. Ta yi shiru, sai ta ce, "Ashe in ruwan ya ragu shi ya sa ake dumso." Dumso shi ne ɗauke wuta a bakin 'yan Ghana. Babu malamin da ya faɗa mata wannan, hannunta ne ya gaya mata.

Haka lamarin wata. A kunna fitila ɗaya a ɗaki mai duhu, yaro ya riƙe ƙwallo ya juya da ita a hankali, zai ga jinjirin wata ya fito, ya cika, ya ragu. Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake mayarwa, kuma daga jinjiri zuwa jinjiri kwana 29 da rabi ne, shi ya sa watanmu yake zuwa 29 ko 30. Masu jin tsoron wai irin wannan zai taɓa imanin yaro, ku kwantar da hankalinku. Zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi a garuruwan Ghana, gidan karatu ne tun zamanin fataucin goro a Salaga. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya rasu a Kete-Krachi a 1934, malami ne da har gobe ake karanta rubuce-rubucensa, kuma malaman da suka biyo bayansa da inuwar rana suke gane azahar da la'asar. Ku tambayi kowane dattijo a Nima labarin husufin ranar 29 ga Maris 2006, da gari ya yi duhu da hantsi a Akra kafin inuwar ta ratsa arewacin Najeriya da Nijar. Yaron da ya juya ƙwallon nan zai gane abin da ya faru a ranar.

Yanzu ga inda ake kuka, wato bakin ƙofa. Yawancin wuraren ziyara a Ghana farashi biyu gare su, na 'yan ƙasa da na baƙi, kuma na baƙi ya fi tsada sosai. Sabon zuwa yana jin Hausa ta cika Nima da Tudu, sai ya ɗauka ai shi ma zai shige a ɗan ƙasa. Akwai ma masu zuga shi a majalisa: "Kai dai ka ce daga Zango kake." Na raka wani bawan Allah da 'ya'yansa wani wurin da ba zan ambata ba, na riga na gaya masa ya biya na baƙi, ya ce in bar shi. Matar da ke sayar da tikiti ba ta yi musu da shi ba. Ta sunkuya ta tambayi ƙaramin da murmushi inda aka haife shi, yaro ya buɗe baki ya ce Kano, wata uku ke nan da zuwansu. Sai ta miƙa hannu ta nemi katin uban. Ya biya na baƙin dai, a gaban layi, amma abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne tambayar da babbar 'yarsa ta yi masa a mota: "Baba, me ya sa ka ce mu 'yan Ghana ne?" Ka kawo yara su koyi gwada abu su ga gaskiyarsa da idonsu, ka fara musu da ƙarya tun daga ƙofa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a nan ya fi ƙurewa, don Hausar ɗan Zango da ta Bakano ba a ɓoye suke ba ga wanda ya tashi a Akra.

Hausawan Zango 'yan ƙasa ne na gaskiya, kakanninsu sun zauna a nan tun kafin a ce Ghana. Sun sha wahala kafin a daina yi musu kallon baƙi, kuma har yanzu wasunsu sai sun kawo hujja kan hujja kafin a ba su katin ɗan ƙasa. Duk sabon zuwan da ya yi ƙarya da sunansu, su yake ƙara wa nauyi. Wanda ya bi ta bayan fage ya karɓi Ghana Card na 'yan ƙasa laifi ya aikata, ana gurfanar da mutane a kotu a kan haka. Dattawa ba su manta Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, mutane suka sayar da gida da shago a wulaƙance, aka cika manyan motoci da mata da yara. Shi ya sa in tsoho ya tambaye ka takardarka kafin ya tambaye ka sana'arka, ba shisshigi yake yi ba.

Hanyar daidai a bayyane take, sai dai tana cin kuɗi da haƙuri. Yarjejeniyar ECOWAS ta ba ka kwana 90 ba biza, ba ta ba ka zama na dindindin ba. Ka duba hatimin da aka buga maka a iyakar Aflao ko filin jirgi, ranar da ke jiki ita ce taka, kuma wuce ta akwai tara. In za ka zauna, sai ka yi katin shaida na baƙi a NIA, hukumar katin shaida ta ƙasa. Lokacin da na yi nawa dala 120 ne, sabuntawa kuma dala 60 duk shekara. Da shi ake neman izinin zama a hukumar shige da fice, da shi banki zai saurare ka, shi ake nema wajen rajistar layin waya, kuma ba layi ba MoMo, wato aika kuɗi da karɓa ta waya. Za a tambaye ka lambar adireshin gida ta manhajar GhanaPostGPS, don haka ka karɓe ta wajen mai gida tun ranar da ka biya haya, tare da rasidi da yarjejeniya a rubuce, kafin ya fara ɓuya. Ni na yi zaryar safe da yamma a kan takarda ɗaya tak da mai gida ya ƙi sa wa hannu, wa'adi yana ƙarewa a fasfo, ban san barci ba sai da aka gama. Kada ka ba wani ɗan tsakani fasfonka wai zai gajarta maka hanya, je da ƙafarka ka karɓi rasidi. 'Yan Nijar kuwa, tunda ƙasarku ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ku leƙa ofishin jakadancinku ku ji matsayin takardunku kafin wa'adi ya cika.

Ranar fita, uba ko uwa su riƙe katinsu, da hoton shafin fasfo a waya, da katin makarantar kowane yaro, don ana rage wa yara da ɗalibai kuɗin shiga. Ku ware na baƙi tun daga gida, tsaba, kada a dogara da MoMo kaɗai. In kuɗin ya yi yawa ga gida ɗaya, ku haɗu gida uku ko huɗu ku ɗauki mota guda, ko ku sa yaran cikin tafiyar da makarantarsu take shiryawa, ta fi araha. Ku kuma nemi izinin malamin makarantar Asabar tun ranar Alhamis, kada ya ji labari a bakin yara.