Yadda ake ɗaura sinadari a gurbi guda a jikin furotin na magani

Ɗaliban digiri na biyu da ke zuwa ɗakin gwajinmu a nan Kano sukan fara da tambaya guda: "Malama, wane sinadari zan saya?" Ni kuwa sai in ce su fara nuna mini inda za su ɗaura shi, domin gurbin shi ne aikin.

Ga abin da ya sa na damu da wannan fanni. Ƙaramin furotin ba ya daɗewa a jini, ƙoda ke tace shi. Filgrastim, wanda ake yi wa masu ciwon daji don fararen ƙwayoyin jininsu su farfaɗo bayan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, rabinsa kan bar jiki cikin awa uku da rabi, shi ya sa kullum sai allura. Da aka ɗaura masa sarƙar PEG (doguwar sarƙar sinadari ce da ke ƙara wa furotin girma, ƙoda ta daina saurin tace shi) mai nauyin kilodalton 20 a kansa, sai aka sami maganin Neulasta a 2002, allura ɗaya a kowane zagayen kemo. Ka tuna da mara lafiyar da zai taso daga Rano ko Gwarzo zuwa Asibitin Malam Aminu Kano, ka lissafa kuɗin mota da wahalar jiki.

Tsohuwar hanya ita ce a kama laisin, ɗaya daga cikin tubalan da ake gina furotin da su, wato amino asid. Tana da sauƙi, amma antibodi guda, wato furotin na garkuwar jiki, na da laisin sama da 80. Kamar a tsoma farin ƙyalle a marinar Ƙofar Mata ne ba tare da an ɗaure ko'ina ba, duk inda baba ya taɓa ya kama. Kadcyla, maganin dajin mama na 2013, haka aka yi shi: matsakaicin adadin ƙwayoyin maganin da kowane antibodi ke ɗauke da su 3.5 ne, amma wani babu ko ɗaya, wani har takwas. Maganin yana aiki, sai dai gauraye ne, kuma tabbatar da cewa na yau daidai yake da na gobe aiki ne ja.

Kafin ka taɓa kwalba, buɗe kwamfuta. Sauke siffar furotin ɗinka daga Protein Data Bank, kyauta ne, data kawai za ka ci. Nemi gurbin da ke waje, wanda ruwa ke taɓawa, kuma nesa da inda furotin ke kama abokin aikinsa. Idan ka toshe wannan wurin da PEG, ka sami abin da ke daɗewa a jini ba ya tsinana komai.

Daga nan ka zaɓi ƙofa. Akwai kan furotin, inda amin ɗin farko yake (amin shi ne makamar da laisin ma ke da ita): a pH 5, wato ruwa mai ɗan tsami, laisin sun yi lamo, shi kuwa yana iya kama PEG mai aldehaid, kamar yadda aka yi Neulasta. Akwai kuma dabarar kawar da kishiya, wadda ta fi burge ni. Sinadarin GLP-1, wanda ke taimaka wa jiki rage sukarin jini, na da laisin biyu, a gurbi na 26 da na 34. Masu haɗa semaglutide sai suka musanya na 34 da wani amino asid, arjinin, ya rage ɗaya tak da zai karɓi sarƙar maiƙo, aka sami allurar ciwon sukari ta mako-mako. Ƙofa ta uku sistein ce, amino asid mai sulfa, da malimaid, sinadarin da ke kama ta, hanyar da aka bi aka yi maganin Cimzia, kuma da ita nake koyarwa.

Fara koyo da albumin, furotin na jinin shanu, wato BSA. Yana da araha, kuma sistein ɗaya ne a sake a jikinsa, na gurbi 34, sauran duk a haɗe suke biyu-biyu har gada 17. Narkar da shi a bafa, wato ruwan da ke riƙe pH, ta fosfet mai pH 7, ka sa EDTA kaɗan don ta kame ƙarafan da ke lalata sistein. Kada pH ya wuce 7.5, in ya wuce malimaid zai fara kama laisin, ka koma gidan jiya. Auna sistein ɗin da ke sake da sinadarin Ellman a nanomita 412, ka rubuta adadin. Za ka tarar bai kai ɗaya ga kowane furotin ba, domin wasu sun riga sun toshe. Kana iya buɗe su da sinadarin TCEP, amma ɗan kaɗan, in ka zuba da yawa gadojin nan za su tsinke. Ka tace TCEP ɗin ya fita kafin mataki na gaba. DTT kuwa, wani sinadarin buɗe sistein, in da shi ka yi amfani ko ɗigo kada ya rage, shi zai cinye malimaid ɗinka.

Malimaid ba ya shiri da laima. In ka ciro kwalbar daga firiza, bar ta ta huce a rufe kafin ka buɗe, musamman da damina. Narkar da abin da za ka yi amfani da shi nan take, kada ka ajiye ragowa. Zuba ninki biyar zuwa goma bisa yawan furotin, ka bari awa biyu. Takardun kamfani kan ce a yi a zafin ɗaki, suna nufin digiri 20 zuwa 25. Ɗakinmu a watan Afrilu ba haka yake ba, rana kan haura 40. Ni da sassafe nake yi, in sa bututun a ruwa mai sanyi da ma'aunin zafi a ciki. Kwana a firiji ma hanya ce, idan ka tabbatar da wuta ko sola. In lokaci ya cika, zuba sistein tsura ya kashe ragowar malimaid, sannan ka tace.

Saura hujja, kuma a nan nake tsanantawa. Sake gwajin Ellman, adadin ya kamata ya faɗi. Saka a jel mai rarrabe furotin bisa girma: wanda ya ɗauki PEG zai tsaya sama, har sama da inda nauyinsa ya nuna, domin PEG na jan ruwa ya kumbura. Layi ɗaya sabo muke nema, in ka ga matakala, an kama gurbi fiye da ɗaya. Amma jel ba ya faɗin wane gurbi ne. Sai an daddatsa furotin da tiripsin, sinadarin da ke yanka furotin, an auna nauyin gutsattsarin, ko da hakan na nufin aika samfur wani ɗakin gwaji cikin ƙanƙara.

Ka kuma gwada ɗaurin cikin ruwan jini na kwanaki. Malimaid kan kwance ya koma kan albumin na jini, kuma a 2012 masu bincike na Genentech sun nuna cewa gurbin da aka zaɓa shi ke sa ɗaurin ya riƙe ko ya saki. Sannan ka auna ko furotin na aikinsa, kafaɗa da kafaɗa da wanda ba a taɓa ba. Abin da ka haɗa na gwaji ne kawai, ba ya shiga jikin mutum sai ya bi gwajin tsafta, na dabbobi da na asibiti, ya kuma sami rajistar NAFDAC.