Keken guragu mai lantarki: kula da batir a garin dumsor

Wanda ciwon raunin tsoka ke cinsa a hankali, keken lantarki ne ƙafarsa, ran keken kuma yana cikin batir. Yawanci batura biyu ne masu bolt 12 ake haɗawa su ba da 24. Duk ranar da aka hau keken a sa shi caji da dare, awa 8 zuwa 10, ko da masallacin unguwa kawai aka je. Kada a jira sai fitila ta yi ja, don batirin dalma da ake yawan tatsewa ƙarƙaf ba ya daɗewa. In dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki a Ghana, ya katse caji, a zare cajar daga bango, saboda wutar da ke dawowa da ƙarfi ita ke ƙona ta. Na'urar nan da ake sa wa firiji don kare shi daga wuta mai ƙarfi tana rage wannan haɗarin.

Babban kuskure shi ne a tafi Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta Accra, a sayo batirin mota don ya fi araha. An yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙu kaɗan ya tada inji, ba don ya ja mutum wuni guda ba, ga ruwan batir da kan zube. A nemi rufaffe, na jel ko AGM, mai lambar Ah (ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa) daidai da tsohon, kuma a canza biyun tare. Tsoho ɗaya yana kashe sabon.

Da damina a lungunan unguwar Nima ta Accra, a rufe sandar tuƙin da leda, kada a ratsa ruwan kwata. Wanki kuwa, tsumma mai ɗan laima ya isa.

In keken ya ƙi motsi, fitilu na walƙiya, kafin a kira makaniki a duba hannayen nan biyu da ke jikin injinan da ke juya tayoyin keken. Sau da yawa wani ne ya kwance su ya tura keken ya manta bai mayar ba. Kada a taɓa kwance su a kan gangara, birki ne ake saki.

Dakalin ƙofa mai tsayin santimita 15 yana buƙatar gangara mai tsawon santimita 180. Idan hannu ya fara gaza tura sandar, ba sai an sayi sabon keke ba: yawancinsu ana saita su su amsa da ɗan taɓi. A fara tuntuɓar masu gashin ƙashi na asibitin Korle Bu da ke Accra su duba hannun da yanayin zaman.