Darasi na 7: Wa ke sa ido a kan banki?

Mai man gujiya a Babbar Kasuwar Maradi ta tara jikka 200. Ta kai ajiya gidan asusu, wato ƙaramin gidan ajiya da ba da bashi. Wata safiya ta tarar da ƙofa a garƙame. Kuɗinta sun tafi ke nan? Amsar tana ga abu biyu: ko gidan yana da izinin hukuma, da ko yana cikin tsarin lamunin ajiya.

Uwar bankunanmu ita ce BCEAO, babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa. Hedkwatarta tana Dakar, tana kula da kuɗin sefa na ƙasashe 8, kuma tana da reshe a nan Maradi. Akwai Hukumar Bankuna da ke Abijan, mai binciken littattafan bankuna, mai hukunta wanda ya karya doka, har ta iya ƙwace masa izini. Ƙananan gidajen asusu kuwa, hukumar ARSM ta Ma'aikatar Kuɗi ce ke bibiyarsu. Idan gidan ya girma, ajiyarsa ko bashinsa ya kai biliyan 2, sai BCEAO da Hukumar Bankuna su shigo.

Kuɗin ruwa yana da iyaka. A 2014 an sa iyakar kashi 15 cikin 100 a shekara ga bankuna, kashi 24 ga gidajen asusu. A lura da kyau, don nan ne ake cutar mutane: kuɗin takarda da sauran 'yan caje-cajen bashi suna cikin wannan lissafi. Wanda ya ci bashin jikka 100 a gidan asusu, ya biya gaba ɗaya bayan shekara, abin da zai ɗora bai kamata ya wuce jikka 24 ba.

Tun 2014 kuma, buɗe asusu a banki da rufe shi kyauta ne.

To, in banki ya durƙushe fa? Akwai asusun lamuni na ƙasashen nan 8, FGDR-UMOA, wanda bankuna da manyan gidajen asusu ke zuba masa kuɗi. Yana biyan mai ajiya har miliyan 1 da jikka 400 a banki, har jikka 300 a gidan asusun da ke cikin tsarin. Adashe ba ya ciki. Mutumin da ya kama shago yana alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, shi ma ba ya ciki. Ina roƙonku, kafin ku miƙa ko dala, ku ce a nuna muku takardar izini. Ba rashin kunya ba ne, guminku ne.

Ku adana littafin ajiya da kowane rasit cikin leda. Ku duba sunan da aka rubuta ya yi daidai da na katin ɗan ƙasa.

Aiki:
1. Mai man gujiya ta ajiye jikka 200 a gidan da ke cikin tsarin lamuni. Nawa za a biya ta?
2. Da jikka 450 ta ajiye, nawa ne lamunin bai rufe ba?